Katin Magdalena da Buhu Huɗu na Wake

Ka tambayi matan da suka yi wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke bakin garin Kontagora ko sun tuna sunan shugabar makarantarsu, sai ka ga wasu suna ta lalube. Amma ka ce musu Mama Magdalena, nan take a fara dariya ana kama baki. Ita ce kukun makarantar. Bakambariya ce daga Salka, gajeriya, mai damtse irin na wanda ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tuwon mutum ɗari huɗu. Ba ta da yawan magana, amma in ta kama yarinya da hannu a tukunyar nama, har malaman da ke can ɗakin hutunsu sai sun ji labari. Karatu kuwa ba ta yi ba. Ta san lamba, ta san yadda sunanta yake a rubuce, kuma ranar Lahadi tana riƙe Littafi Mai Tsarki a coci kamar kowa, ba wanda ya taɓa yi mata tambaya a kai.

Abin da take taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne, ba ta cin haƙƙin mutum. Wannan a gidan ubanta ta koya. A Salka, lokacin tana yarinya, in hatsi ya ƙare wa mutum ana tsakiyar damina, zai je wurin maƙwabci ya karɓo dami. Bayan haka akwai ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta da wuya. Kada ka ɓuya wa mai binka. In ka samu, ka kai masa abin da ya samu. In ba ka samu ba, ka je da ƙafarka ka gaishe shi, ka riƙe ko 'yar gyaɗa ce a hannu, ka ce ya ƙara haƙuri. Sannan babbar ƙa'idar, wadda ubanta ya fi nanatawa: wanda ake bi ba ya buɗe baki ya ce ya gama biya. Wannan rashin kunya ne. Mai bashi ne zai dube ka wata rana ya ce ya isa haka, mun rabu lafiya. A kan wannan tarbiyya Magdalena ta girma, da ita kuma ta shigo birni, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Mijinta James kafinta ne. Ya yi wa gidaje da yawa rufi a Tudun Wada da kewaye, amma shi da matarsa a ɗaki ɗaya suka zauna a bayan madafar makaranta, cikin gidajen ma'aikata. 'Yarsu ɗaya, Patience, ta yi aure tana can Kaduna tana fama da nata. Kullum James cewa yake in Magdalena ta kusa ritaya zai gina musu ɗaki biyu a Salka, ya yi rufin da hannunsa. Filin yana nan, gonar ma tana nan, ƙanenta Philip ne ke nomawa yana ba su rabonsu.

Wata rana wasu samari da 'yan mata masu ɗamarar wuya suka zo makarantar daga wani banki, suka kafa rumfa a gaban ofis, suka ce duk mai karɓar albashi ya zo a ba shi kati. Wannan katin, in ji su, ba irin wanda aka saba ba ne. Ko babu ko kwabo a asusunka, zai ba ka kuɗi, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Magdalena ba ta yi niyyar zuwa ba. Kulu, abokiyar aikinta a madafa, ita ta ja ta, wai ana ba da laima kyauta. Aka karanto musu wasu abubuwa da Turanci da gudu kamar ana koran mai karatun, aka ce su dangwala. Ta dangwala, ta karɓi laima, ta ɗaure katin a leda ta jefa ƙasan akwati. Ya fi wata shida a nan ba ta ko tuna da shi ba.

Sai ciwo ya kama James. Aka yi na gida, aka yi na asibiti, daga baya aka ce sai Minna. Abin da ke hannu ya ƙare, kayan aikinsa ma an sayar da rabi. Ranar da likita ya rubuta wani gwaji da wasu allurai, Magdalena ta tuna da ledar nan ta ƙasan akwati. Ta je shagon mai POS tana shakka, ta miƙa kati, ta faɗi lambar da aka ba ta. Ga mamakinta ya ƙirgo kuɗi ya ba ta. Sau uku ta koma, har abin da ta ɗauka ya cika dubu ɗari biyu. A ranta ta ce duk wanda ya yi wannan katin mutumin kirki ne, tunda bai san ta ba, bai tambayi ɗiyar wa ce ba, ya ba ta a ranar da dangi ma suka fara kashe waya. James bai tashi ba. Aka kai shi Salka aka binne.

Ba a yi wata da rasuwar ba saƙo ya shigo wayarta. Ta kai wa wani malamin lissafi ya duba mata. Mutumin yana sauri zai shiga aji, ya leƙa ya ce banki ne, sun ce ta biya dubu goma sha ɗaya kafin ashirin da biyar ga wata. Akwai wata lamba babba a saman saƙon, amma bai ambata ba, ita kuma ba ta tambaya ba, don ai ta san abin da ta ci. Daga ranar nan ta ɗauki abin kamar ibada. Albashi na shiga, kafin ta sayi gishiri, sai ta je ta biya. Ta samu gwangwanin madara, duk watan da ta biya sai ta jefa ƙwayar wake ɗaya a ciki.

Ana nan aka yi tantance ma'aikata, sunanta ya faɗo daga takarda ba gaira ba dalili, albashi ya tsaya mata wata uku. Wata a matsayinta da ta yi shiru abinta. Magdalena kuwa ta soya gyaɗa mai kyau, ta cika kwano, ta hau mashin zuwa banki. Ta tarar da mai gadi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta zo ba mai kuɗin haƙuri ne, albashi ya tsaya, amma ba gudu ta yi ba. Mai gadin ya dubi gyaɗa, ya dubi tsohuwa, ya ce ba komai Mama, za a faɗa masa. Wata uku tana wannan zirga-zirga, kwano uku na gyaɗa. Ta dawo kowane karo da zuciya wasai, tana cewa mutanen bankin nan akwai mutunci. Da albashi ya dawo ta ci gaba da biya daga inda ta tsaya.

A gefe guda kuma ba ta bar maganar ginin ba. Philip ya buga mata tubalin ƙasa, aka tayar da ɗaki biyu har linta, saura rufi. A watan takwas na bana za ta yi ritaya, kuma ranar da ta ajiye muciya, ranar za ta miƙa makullin ɗakin makaranta. Don haka rufin nan ba ado ba ne, wurin kwanciya ne. Rabonta na gona a bara buhu huɗu ne na wake. Ta sa aka kawo su Kontagora, ta zuba a buhuna masu leda don ƙwari, ta jera su a ɗakinta har sai da ta karkata gado. Lissafinta shi ne ta riƙe su zuwa watan biyar lokacin da wake ke tsada, ta sayar, ta sayi kwano da katako da ƙusa, a rufe kafin damina ta kankama. Kowace safiya kafin ta tafi hura wuta sai ta ɗan daddaɓa buhunan ta ji ko suna nan lafiya.

Abu ɗaya ne ya fara damun ta. Ta zazzage gwangwani ta ƙirga, wake ashirin da uku. Ba ta yi boko ba, amma macen da ke auna shinkafar mutum ɗari huɗu ba a koya mata ƙidaya. Dubu goma sha ɗaya sau goma sha tara ya riga ya haura abin da ta ci. To ga shi ta ƙara wata huɗu a kai, kuma saƙo bai fasa zuwa ba. Ta ce ƙila mai kuɗin yana da jama'a da yawa, ya manta. Ƙila kuma yana jira ne ta zo ta yi godiya kafin ya sallame ta, tunda ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. Da ta yi wannan tunanin sai kunya ta kama ta. Shekara biyu mutum ya rufa maka asiri, ba ka taɓa zuwa ka ce na gode ba, ai kai ne mai laifi.

Ta sayi kaza, jar kaza mai nauyi, ta ɗaure mata ƙafa, ta sa zanen zumuntar matan coci, ta tafi. Mai gadin da ta sani an canza shi. Sabon ya ce ƙofar nan ba ta wucewa da kaza, sai dai a bar ta a waje. Aka bar kaza a gindin injin wuta tana haki. A ciki aka nuna mata wata yarinya a bayan tebur, mai farce dogaye, wadda ta karɓi katin ta yi ta danne-danne.

"Mama, me kike so a yi miki?"

"Mai kuɗin nake son gani. In gaishe shi."

"Wane mai kuɗi?"

"Wanda ya ba ni bashi."

Yarinyar ta ce banki ne ya ba ta. Magdalena ta ce ta sani, amma a cikin bankin wane ne. Manaja? Yarinyar ta ce manaja ma ma'aikaci ne. To wanda ke saman manaja fa? Yana Legas, shi ma ma'aikaci ne. Magdalena ta ga abin zai yi tsawo, sai ta kauce wa ƙa'idar ubanta kaɗan, ta sunkuyar da kai ta tambaya a hankali ko akwai ɗan abin da ya rage.

"Dubu ɗari biyu da talatin da shida."

Ta ɗauka yarinyar tana faɗin abin da ta biya ne. Ta gyara mata, ta ce ai ya fi haka, ɗari biyu da hamsin da uku ne. Yarinyar ta ce e, wannan shi ta biya, wancan kuma shi ake bin ta. Ta juyo da fuskar kwamfuta don Magdalena ta gani, kamar ganin zai taimaka. Ta yi bayanin kuɗin ruwa, ta yi na tara, ta yi na kuɗin kula da kati, ta ce dubu goma sha ɗayan nan mafi ƙarancin abin da za a biya ne, ba shi ne rabon bashin ba. Magdalena tana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta san ta, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Da aka zo kan tarar wata uku ta ɗago kai ta ce ai ta zo ta ba da haƙuri, har sau uku, mai gadi shaida ne. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskar matar ta fasa. Ta buga mata takardar lissafi shafi huɗu, ta ce ta kai wa wanda ya iya karatu. A waje Magdalena ta ɗauki kazarta ta tsaya a bakin titi, masu mashin suna ta yi mata magana, ta rasa ma ina za ta ce a kai ta.

Wanda ya iya karatu a wurinta ita ce Na'ima, Banufiya, akawu a ofishin kuɗi na makarantar. Ita ma tuwon Magdalena ta ci shekara shida, kuma ta taɓa shan muciya a kan nama, abin da har yau ba ta bari a manta ba. Na'ima ta baje takardun a kan benci a bayan madafa, ta bi su layi-layi da biro, tana karantawa tana tsaki. Ta ce a cikin kowace dubu goma sha ɗaya, kusan dubu goma kuɗin ruwa ne, abin da ke taɓa uwar kuɗin bai taka kara ya karya ba. Watannin da ba a biya ba kuma ruwan ya hau kan uwar kuɗi, shi ma ya fara haihuwa. Da ta ga idon Magdalena bai nuna alamar an iso ba, sai ta nuna murhu.

"Mama, toka kike kwashewa duk wata. Wutar tana nan tana ci."

Magdalena ta dubi murhun ta daɗe. Wuta dai ta san ta, babu mai gaya mata halinta.

"To wa yake iza ta?"

Na'ima ta ce ba kowa, haka aka tsara abin, da kansa yake yi. Wannan amsar ita ta fi komai rikita Magdalena. Ta san mugun mai bashi, ta san mai tausayi, ta san wanda zai zo ƙofar gidanka ya yi maka tijara a gaban jama'a. Duk waɗannan an san yadda ake yi da su. Amma bashin da ke girma shi kaɗai, babu mai fushi da kai balle ka ba shi haƙuri, wannan ba ta san ta inda ake kama shi ba. Ta ji tsoro, ta kuma ji haushin kanta, sannan ta ji kunyar kwanon gyaɗar nan uku fiye da komai.

Daga nan shawara ta yi ta zuwa, kowa da tasa. Kulu ta ce ta karya katin ta jefa a masai, ta canza layin waya, in sun isa su zo madafa su kama ta. Ta ce ita nata tun bara ta yi haka, ga ta nan tana barcinta. Na'ima ta ce Kulu ta jira ranar da za a biya ta kuɗin sallama, za ta ga barci. Matar fasto ta ce a sa abin a addu'a, ta kuma ce zumuntar mata tana da 'yar ajiya da ake ba mabukata rance ba tare da ƙarin ko sisi ba, amma ba ta wuce dubu ashirin. Yusha'u, dillalin hatsin da ta saba da shi a babbar kasuwa, ya zo ya soka hannu a buhu ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce wake ne na gaske, amma duk wanda ya sayar a watan uku ya yi wa kansa sata. Yau buhu ɗaya dubu hamsin da biyu ne, in ta yi haƙuri zuwa watan biyar zai kai tamanin, in Allah ya so. Ta tambaye shi in Allah bai so ba fa. Ya ce to wannan kuma kasuwa ce.

Kwana da kwanaki tana juya abin. In ta saurari Yusha'u sai ta ga gaskiyarsa, in ta koma wurin Na'ima sai ta ga ita ma tana da gaskiya. Har ta fara tunanin ta ci gaba da biyan dubu goma sha ɗayan kawai, ta yi rufinta, tunda ba wanda ya zo ya kama ta. Na'ima ta ce to bayan watan takwas da wane albashi. Ranar nan, karo na farko a shekara talatin da ɗaya, tuwo ya yi gudaji, kuma ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. 'Yan mata suka ci suka yi shiru, don sun ga fuskarta.

Na'ima ce ta ce a gwada rubuta wasiƙa. Ta rubuta da Turanci mai ladabi, ta haɗa da takardar da ke nuna albashi ya tsaya ba da laifin mai shi ba, ta roƙi a yafe tarar. Suka je tare. Wannan karon an kai su har wurin manaja, wani mutum mai sanƙo da ke ta duba agogo. Magdalena ta durƙusa, ya ce don Allah Mama ki tashi ki zauna. Ta ƙura masa ido tana neman alamar mai bashi a fuskarsa, ba ta ga komai ba sai gajiya. Ya ce shi ba shi da ikon yafewa, sai ya tura sama. Bayan kwana tara sama ta amsa. An yafe dubu goma sha shida, da sharaɗin a biya sauran dubu ɗari biyu da ashirin gaba ɗaya cikin mako biyu, a rufe katin. In mako biyu ya wuce, maganar ta tashi.

Ta zauna a bakin gado ta dubi buhunan. Ta yi lissafin yadda ta iya. Ko ta jira watan biyar, ko waken ya kai abin da Yusha'u ya faɗa, in aka cire bashin da abin da zai ƙaru a kansa, ragowar ba za ta rufe ko ɗaki ɗaya ba. In kuma ta yi rufi ta bar bashin, za ta kwana a ƙarƙashin kwano sabo wani abu yana girma da sunanta a wani wuri da ba ta sani ba. Har ranar ba ta gane yadda aka yi ta ci ɗari biyu, ta biya ɗari biyu da hamsin da uku, kuma ake bin ta ɗari biyu da ashirin ba. Ta dai gane cewa abin ba ya tsayawa don an gaishe shi. Ta aika aka kira Yusha'u.

Ya zo da mai baro, yana ta cewa ba ya son ya ci amanarta, ta sake tunani. Ta ce ya auna. Bayan la'ada da kuɗin dako, dubu ɗari biyu cif suka rage a hannunta. Ranar Laraba bayan taron zumunta, ma'ajiyarsu ta ƙirga mata dubu ashirin a gaban mata, aka rubuta a littafi, za ta riƙa mayar da dubu huɗu duk wata. Magdalena ta riƙe hannun matar da hannu biyu ta ƙi saki, har sai da matar ta ce haba Mama, ai kuɗinmu ne gaba ɗaya. Wannan bashin bai ba ta tsoro ba, don ta san gidan kowace a cikinsu.

A banki aka ƙirga kuɗin a inji, yarinyar mai farce ta buga hatimi, ta sa almakashi ta raba katin biyu, ta miƙo takarda. Magdalena ta karɓa ta tsaya. Yarinyar ta ce shi ke nan Mama. Ta ce ta ji, amma ba ta motsa ba. Tana jira ne wani ya fito daga ɗaya daga cikin ƙofofin nan ya dube ta ya ce ya isa. Mutumin da ke bayanta a layi ya yi gyaran murya, Na'ima ta kamo hannunta suka fita.

Ranar Asabar ta hau motar Salka. Mangwaro ya fara nuna a hanya, zafi kamar a gasa mutum, gabas kuma ta fara tara hadari da yamma ko da yake ruwa bai sauka ba tukuna. Ta tarar da Philip a wurin ginin, ya share ciyawar da ke ciki, har ya yi magana da kafinta an auna, kwano bandir nawa, katako nawa, duk ya sa an rubuta masa a bayan kwalin sigari. Ya miƙa mata yana murmushi. Ta karɓa ta riƙe, sannan ta gaya masa babu wake.

Ya ɗauka ƙwari ne. Ta ce ba ƙwari ba ne, bashin jinyar James ne. Philip ya ce ai wannan tun yaushe take biyansa. Ta yi ƙoƙarin maimaita abin da Na'ima ta faɗa, maganar ruwa da tara da toka da wuta, amma a bakinta sai abin ya fito a hargitse, ita kanta ta ji bai yi kama da gaskiya ba. Ran Philip ya ɓaci. Ya ce wannan zalunci ne, kuma matar da mijinta ya mutu ba a yi mata haka tana da 'yan'uwa a raye.

"Yaya, ɗan wane gida ne? Gobe in ɗauki dattawa biyu mu je mu same shi."

"Babu mutum, Philip."

"Kamar yaya babu mutum? To shekara biyu wa kike kai wa kuɗi?"

 Ta tuna mai gadi, ta tuna yarinyar, ta tuna mai sanƙo, ta tuna sama da aka ce ana turawa.

"Ban san shi ba."

Philip ya dube ta, ya dubi bangon. Bai ƙara tambaya ba, don ya ga idonta ya kawo ruwa, kuma tun suna yara bai taɓa ganin haka ba sai ranar binne James. Ya zagaya ginin yana taɓa tubalin da tafin hannu. Ya ce zai sa a yanko ciyawa a lulluɓe kan bangon, ƙila ya kai baɗi, ƙila kuma ɓangaren gabas ya zube, sai yadda damina ta yi. Ta ce to. Sannan ya tambayi watan da za ta bar makaranta. Ta ce watan takwas.

"Ɗakin Inna yana nan," in ji shi, bai dube ta ba. "Rufin ciyawa ne, amma ba ya yoyo sosai. Sai dai a fitar da awaki."

Magdalena ta ninke kwalin sigarin ta mayar masa. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi, ta tambaye shi inda matarsa take ajiye tsintsiya.